Kwallin Inna Taiba

Sunansa na yanka Abdulmumini, amma in ban da limamin da ya raɗa masa da tsohuwar da ta rene shi, da wuya a sami wanda ya taɓa kiransa da shi. Gajere ake ce masa, kuma ba a yi masa ƙage ba. In ya ɗauko buhun albasa a kasuwar Talata Mafara, sai ka ga buhu na tafe kafin ka ga mai shi. Daga baya aka ɗora masa wani suna a kan wannan, wai Gajere Ta-zo-mu-ji-ta. Wannan kam har ya tsufa bai taɓa amsa shi da sakin fuska ba. Yara na kiransa da shi don suna sonsa, manya don neman tsokana, shi kuwa ko wa ya faɗa sai ka ga ya dubi ƙasa yana gyara hula.

A Tungar Marke aka haife shi, wata 'yar tunga ta bakin gulbi a ƙasar Maradun. Kada ka wahalar da kanka nemanta, ba ta nan yanzu. Uwarsa ta rasu yana goye, sai yayar ubansa, Inna Taiba, ta ɗauke shi ta kai ɗakinta. Allah bai ba ta haihuwa ba, ita da mijinta Malam Falalu, wani manomin fadama mai shiru-shiru wanda dankalinsa ya yi suna har Faru. Ita kaɗai ke ce wa yaron Mumini.

Inna Taiba kuwa gwanar tatsuniya ce, irin wadda in an ci tuwo sai tsakar gidanta ta cika da yara har bakin turmi. Amma tana da doka, kuma ba ta wasa da ita. Ba ta farawa sai ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara sun amsa da ta zo mu ji ta, kuma in amsar ta yi sanyi sai an sake. Ba yaron da zai tashi sai ta rufe da ƙurunƙus. In an tambaye ta dalili takan ce, in ba a buɗe ba yaro zai ɗauka gaskiya ake gaya masa, in ba a rufe ba zai tafi da ita shimfiɗa ta hana shi barci. Gajere a gindinta ya tashi, ya kwashe komai. Tun bai iya ɗaura wando ba yake yin muryar kura, ya yi ta gizo, ya yi ta amaryar da ta faɗa rijiya, har ita kanta tsohuwar ta riƙe ciki don dariya.

Abin bai ɗore ba. Da ya fara bin maza gona, wata rana ubansa ya ji shi yana yi wa ƙannensa tatsuniya a bayan rumbu, ya zo ya murɗe masa kunne, ya ce namiji ba ya wannan, aikin tsofaffin mata ne. Taubashinsa Ɗantala, ɗan kawunsa, yana wurin, kuma Ɗantala ba ya mantuwa. Shekara da shekaru in ya ga Gajere sai ya ƙanƙance murya ya ce, "Inna, a yi muna ta gizo." Gajere ya bari, ya bari ƙwarai. Ya yi aure da Barira, ya haihu, ya tsayar da gemu, ya zama mai albasa da taba a fadama kamar kowa. Harshen dai bai mutu ba. In ya je Talata ya dawo, labarin yadda jaki ya kayar da shi kawai sai ya tara mutane. Amma wannan labari ne, kuma labari ba abin kunya ba ne ga namiji, don abin da ya faru ne ake faɗa.

Sai aikin dam ɗin Bakolori ya zo. Da farko baƙi ne da sanduna da 'yan tutoci suna aune-aune a gonaki, sai motoci masu haƙa, sai magana ta fito fili cewa za a tare gulbi, ruwa zai kwanta inda tunga take. Aka kwashe mutanen Tungar Marke zuwa wani tudu mai tsakuwa, inda ko inuwar kirki babu. Malam Falalu ya riga ya rasu kafin nan, kabarinsa na bayan babban marken da tunga ta ci sunansa. Inna Taiba ce ta ƙarshe da aka ɗora a mota. Idonta ya fara yana a lokacin, ba ta gani sosai, amma ta ƙi hawa sai da Gajere ya koma ya janyo mata ƙofar ɗaki ya rufe. Ruwa kuma ya taho a hankali, ya ci fadama, ya ci gidaje, aka daɗe ana hango kan marke, wata safiya aka duba babu shi.

A kan tudu tsohuwa ta koma wata iri. Ba ta kuka, ba ta ƙorafi, zama kawai take. In Barira ta kai mata tuwo sai ta ɗan taɓa ta ture. Yara suka zo da yamma kamar yadda suka saba, ta ce su tafi, ta baro tatsuniyoyinta can. Gajere yana ganinta tana ƙarewa, kuma bai san abin da zai yi ba.

Shi da ba sauran fadama, sai ya shiga lebura wurin aikin dam. Ya ɗauki siminti, ya ɗauki rodi, daga baya aka ga ƙarfinsa bai kai bakinsa ba, aka mayar da shi shara a ɗakin cin abincin ma'aikata. A nan ya san Bitrus, wani Kirista mai fara'a da ya zo daga kudu yana kula da janareta. Ranar Lahadi da azahar Bitrus kan rufe tagogin ɗakin ya nuna wa Turawan kamfani majigi. Yawanci harbe-harbe ne da motoci, Gajere ba ya ko ɗaga kai daga tsintsiya. Amma wata Lahadi ya ɗaga.

Wata tsohuwa ce mai farin gashi zaune cikin kwalekwale a tsakiyar ruwa, tana magana da yaren da ko Bitrus bai ji. Garinsu ya nutse, yana ƙarƙashinta cikin duhu. Amma duk abin da ta ambata sai ya haskaka a can ƙasa. Ta yi magana, gidaje na gilashi suka tashi, kore da ruwan gwal da shuɗi irin na marina. Ta ƙara, dawaki masu jelar kifi suka wuce a jere, gashin wuyansu na lilo cikin ruwa. Ga wani icce a tsakiyar gari, maimakon 'ya'ya fitilu ya yi, yara na tsinka suna wasa da su. Mutane na tafiya sannu a tituna, rigunansu na tashi sama, wata mata na shanya kaya kifaye na ratsa igiyar. Sai tari ya kama tsohuwar ta yi shiru. Nan take launi ya fara zubewa, dawaki suka daskare, fitilu suka dusashe ɗaya bayan ɗaya. Da ta samu numfashi ta ci gaba, komai ya sake motsi. Gajere bai ji kalma ko ɗaya ba, amma ya gane sarai: bakin tsohuwar nan ne ke riƙe da garin. Ya tsaya rungume da tsintsiya yana hawaye, yana tuna wadda ya baro zaune a kan tudu.

Niyyarsa mai kyau ce, wannan kam a shaide shi. Ya ƙudura in ya je gida zai zauna gaban Inna Taiba ya ba ta wannan tatsuniya, ko za ta yi murmushi. Amma kafin ya kai gida sai ya bi ta masallaci. A tudun nan ba icce, don haka bayan la'asar maza a inuwar bangon masallaci suke zama. Aka gaisa, aka tambayi aiki, aka tambayi gajiya, sai wani ya ce me ke can wurin Turawa. Gajere kuwa abin na cinsa a ciki. Ya fara. Ya kawo kwalekwale, ya kawo tsohuwa, ya kawo gari a ƙarƙashin ruwa, yana yi da hannu yana yi da ido, har ya kai ga dawaki.

Ɗantala ya ɗaga hannu. "Tsaya, tsaya, Gajere. Tatsuniya za ka yi muna da rana tsaka, da gemunka da ɗiyanka? Jama'a, ku samo mai zane da kallabi, Inna Taiba ta samu magajiya!"

Aka kwashe da dariya. Gajere ya ji kunnensa ya yi zafi, wannan kunnen dai da aka murɗe a bayan rumbu. Ya ce, "Wace irin tatsuniya? Da idona nig gani, ga majigi. Kai ka taɓa ganin majigi ya yi ƙarya?"

Dariya ta tsaya. Majigin da mutanen tunga suka sani ɗaya ne, wanda mota ke kawowa jefi-jefi ya nuna lambar agana da zuba takin zamani da feshin auduga. Abin da majigi ya nuna, an yi shi. Sai wani dattijo, Bappa, wanda tun tashin bai cika magana ba, ya matso ya ce, "Gari cikin ruwa kac ce? Ɗana, ko tungarmu ta sunka ɗauko?"

A nan ya kamata ya ce a'a. Kalma ɗaya fa! Amma ya dubi fuskar Bappa, ya dubi sauran da suka zuba masa ido baki buɗe, ya dubi Ɗantala da dariya ke jira a gefen bakinsa. Ya ce, "Wallahi ta yi kama."

Shi ke nan. Kafin sati ya zagayo ta daina kama, ta zama ita. Duk wanda ya tare shi da tambaya yake zuwa, kuma Gajere ba ya iya sallamar mutum hannu wofi. Marke? Yana nan tsaye, har ya fi da ganye. Masallaci? Ko tabarma ba ta motsa ba. Ruwan bai taɓa gidaje ba, ya tsaya ne a sama kamar rumfa. Gidajen gilashi suka zama ɗakunan tunga, dawaki suka ɓace daga labarin, jakin wane ya shigo. Magana ta kai Faru, ta gangara har wajen Bakura. Kuma don Allah a duba, manoma ne fa! Mutanen da kowace shekara suke yaɓen katanga don sun san abin da ruwan sama kawai ke yi wa laka. Sun sani, amma ba wanda ya so ya sani, sai suka bar wa Gajere ɗaukar kayan shi kaɗai. Shi kuma in ya kwanta sai ya ji kamar ya ci abin da ba nasa ba, ya ce gobe zai warware. Gobe ta yi wani ya zo yana tambayar rumbunsa.

Ta bakin mata labari ya shiga wurin Inna Taiba. Ta aika Barira ta kira shi. Ya shiga ya durƙusa, suka gaisa doguwar gaisuwa, tana ta jan ta kamar mai tsoron abin da ke bayanta. Can ta ce, "Mumini, an ce ka ga gida."

"An nuna, Inna."

"Ƙohwata na rufe?"

"Tana rufe, yadda munka bar ta."

Ta murza bakin zanenta. Sannan ta rage murya. "Makwancin Malam hwa? Ruwa bai tone shi ba?"

Ashe abin da ke cinta ke nan tun ranar da aka ɗora ta a mota. Ba ɗaki ba, ba fadama ba. Tana kwana tana tashi da tunanin ruwa ya buɗe mijinta ya watsar. Gajere ya ji zuciyarsa ta karye. Ga dama ta zo, su biyu ne a ɗaki, ba Ɗantala, ba kowa. Da ya ce Inna, tatsuniya ce na gani, bari in ba ki, da ta fahimta fiye da kowa a duniya. Amma ta riga ta miƙo fuska tana jira. Ya ce, "Shina nan lahiya lau, Inna. Ko ƙayar da munka aza bisa ba ta gusa ba. Ƙasar a bushe take."

Ta ce alhamdu lillahi, ta maimaita, ta shafa fuska. Ranar ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari. Barira ta fito da kwano tana murna, ta ce wa mijinta Allah ya yi masa albarka. Shi kuwa ya zagaya bayan gida ya tsuguna, ya daɗe bai tashi ba. Tun daga nan tsohuwa ta fara fitowa hantsi, ta fara yi wa yara faɗa, har an ji ta tana 'yar waƙa tana tsince wake. Kowace rana ta ƙara lafiya, kowace rana ƙofar gyara ta ƙara ƙuntata a gare shi.

Wata safiya yana shara Bitrus ya same shi yana dariya. Ya ce, "Gajere, mutanenka sun zo bakin ƙofa jiya, wani Ɗantala da dattawa biyu. Suna roƙo a kai musu majigin nan na tsohuwa mai kwalekwale. Na gaya wa maigida, ya ce ba laifi, in kai ranar Asabar. Ashe haka kuke son shi?" Gajere ya jingine tsintsiya. Ya ce hanya ba kyau. Bitrus ya ce motar na bin ko'ina. Ya ce ba wurin rataya ƙyalle. Bitrus ya ce bango ma ya isa. Sannan ya dube shi da kyau ya ce, "Akwai matsala ne? In akwai ka gaya mini, sai in ce inji ya lalace." Mutumin kirki, ya miƙo masa igiya har hannu. Amma yaya zai buɗe baki ya gaya wa baƙo cewa ya yi wa garinsu duka ƙarya, har da uwar da ta goya shi? Ya ce, "Babu komi." Kunyar da ta jefa shi ramin ita ta hana shi kama igiyar.

Ranar Asabar tun la'asar sakaliya mutane ke ɓullowa ta hanyoyin ƙafa, har daga Faru. Bitrus ya rataya farin ƙyalle a bangon makaranta, ya ja waya, ya tayar da janareta. Gajere ya yi niyyar ɓacewa, har ya kama hanyar bayan gari, sai ga Barira ta biyo shi tana cewa Inna na kira. Ya shiga ɗaki ya tsaya cak. Tsohuwa ta sa an buɗe adudu an ciro mata saƙinta na aure, wanda rabonta da shi tun Malam na da rai. Ta yi wanka, ta shafa turare. Ta kuma sa kwalli, da hannunta, ba madubi ba ido, har ya ɗan zarce gefe ɗaya. Ta ce, "Ba ni zuwa wurin Malam da ƙazanta. Kama ni mu tahi. Ni haske kawai nika gani, kai na idona yau."

Ana sallame isha'i aka fara. An ba ta tabarma a gaba saboda girma, Gajere na gefenta, ta riƙe wuyan hannunsa gam. Haske ya faɗa kan ƙyalle. Ga ruwa, jama'a suka yi kabbara. Ga kwalekwale, ga tsohuwa Baturiya, aka ɗan yi gunaguni amma aka jira. Sai gidajen gilashi suka tashi, sai dawaki masu jelar kifi. Yara suka ɓarke da ihu don murna. Manya kuwa tsit. Gajere yana jin shirun nan a bayan wuyansa, yana jin idanu na barin ƙyalle suna dawowa kansa.

"Mumini, mi aka nunawa? An kawo marke?"

Ya ce can ƙasa-ƙasa, "Ga shi nan, Inna. Ga marke."

Wata yarinya da ke zaune kusa ta juyo ta ce, "Ba marke ba ne, Inna, icce ne mai fitilu! Ga doki da wutsiyar kihi!"

Hannun da ke riƙe da shi bai sake shi nan take ba. A hankali ya saki, yatsa bayan yatsa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da Gajere ya gode mata. Daga can baya aka ji Bappa ya tashi yana lalubar takalminsa zai tafi, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ɗantala kuwa ya miƙe tsaye, wannan karon ba dariya a muryarsa, don shi ma ya tambayi ɗakin uwarsa an ce masa yana nan. Ya ce, "Gajere, ina tungar? Ina masallacin? Kai jama'a, ashe mutumin ga maƙar..."

"Ta zo mu ji ta!"

Muryar Inna Taiba ce, da ƙarfin da ba a san tana da sauransa ba, har ta danne janareta. Kowa ya juyo. Ta ɗaga kai tana fuskantar inda take jin mutane. "Zauna, Ɗantala. Ku duka gabana kunka girma, yanzu ba ku gane tatsuniya in kun ji ta? Ni nik koya mai. Buɗewa ta yam manta, na amsa mai. Ku yara, ba ku da baki?" Yara suka ɗauka gaba ɗaya, ta zo mu ji ta, har bango ya amsa. Ta taɓa gwiwar Gajere ba tare da ta juyo ba, ta ce, "To, yi."

Ya yi. Da gemunsa, gaban surukansa da 'ya'yansa da baƙin Faru, Gajere ya miƙe ya ce ga ta nan ga ta nanku. Bitrus ya fahimci wani abu na faruwa, ya rage ƙarar majigin. Maza suka yi dariya, wasu ta mugunta, wasu ta samun sauƙi, don an ba su hanyar da za su koma gida ba tare da sun yi faɗa ko kuka ba. Shi kuma ya bi hoton yana ba da shi yadda yake, da tsohuwa da kwalekwalenta da dawakinta, bai sa marke ba, bai sa ɗakin kowa ba. Kuma abin haushi, ya yi kyau. Bai taɓa yin abin da ya kai shi kyau ba. Da aka zo inda tari ya kama tsohuwar fitilu suka fara mutuwa, har Ɗantala ya manta da fushi ya ce, "Kai, ta ci gaba mana!" Gajere bai ji daɗin ko kalma ɗaya ba, yana yi yana satar kallon wadda ke zaune a tabarma cikin saƙinta, fuskarta na kallon ƙasa.

Sunan daga ranar ya bi shi. Bappa bai sake amsa gaisuwarsa da fiye da kalma biyu ba har ya rasu. Sauran suka huce da sannu, suka mayar da abin tsokana. Da aikin gini ya ƙare aka sallami leburori, Gajere ya samu ɗan fili a gonakin ban-ruwa wajen Bakura, ya koma albasarsa, ya aurar da 'ya'ya, ya ga jikoki. Yara kuma suka gane gidansa. Tunda asiri ya riga ya tonu, ya daina korarsu, ya zama shi kaɗai ne namijin da ake zuwa wurinsa tatsuniya a duk yankin. Ba ya farawa sai an amsa da ƙarfi, ba yaron da ke tashi sai ya rufe. Ko labarin kasuwa zai ba ka, sai ya tsaya ya ce wannan na gani, wannan ji na yi. Ta garin ƙarƙashin ruwa ce kawai ko an roƙe shi ba ya yi.

Mutane sun ɗauka dariyar maza ce ke sa shi duban ƙasa in an kira sunan. Ba ita ba ce, dariya ai ta wuce. Abin da ya faru ne bayan an watse, wanda daga shi sai Barira suka gani. Ya kamo tsohuwa suka taho gida. A bakin ƙofar ɗakinta ta tsaya, ta dafa bango.

"Mumini. Yanzu ba tatsuniya ba. Makwancin Malam?"

"Ban gani ba, Inna. Ba wanda yag gani."

"Ruwa?"

"Ruwa na, Inna. Ruwa da laka."

Ta gyaɗa kai, kamar wadda aka gaya wa abin da ta daɗe da sani. Ta shiga, ta kwance saƙin, ta ninke shi da lalube ta miƙa wa Barira ta ce a mayar adudu. Ba ta sake sa shi ba, kuma kafin kaka ta zagayo ta bi Malam, aka rufe ta a kan tudu cikin tsakuwa. Amma a daren nan zama ta yi a bakin gado, shi kuma yana durƙushe yana jiran ta zage shi, yana ma roƙon Allah ta zage shi. Ba ta yi ba. Da taushi ta yi magana, da muryar da take gyara masa kuskure yana yaro.

"Tatsuniyar ta yi daɗi, ka iya. Da ka buɗe ta tun hwarko, da na sha daɗinta ina zaune ɗakina." Ta kai yatsa ta shafa gefen idonta. "Amma ka sa na yi kwalli, Mumini."

Ya tashi ya ɗebo ruwa a ƙwarya, ya dawo ya durƙusa ya riƙe mata, tana wankewa.